Wane Injin Banso Ya Dace da Shagon Kafinta na Gida?

Duk kafintan da ya taɓa son yanka ƙafar kujera mai lanƙwasa, ko ya so ya fitar da falanki biyu daga madaci guda mai kauri, ya san inda zarton hannu da zarto mai faifai suke gazawa. Wannan aikin banso ne, wato injin da ruwan zartonsa siriri ne, an haɗe bakinsa da baki, yana zagaya wili biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, haƙoransa kullum suna gangarowa kan tebur. Zarto mai faifai na inci 10 ba ya wuce kaurin inci 3 da ɗan ɗori, kuma kowane yanka yana mai da kusan milimita 3 na katakonka gari. Banso bai cika cin rabin haka ba, kuma ba ya harbo katako ya daki mai aiki, domin ƙarfinsa ƙasa yake dannawa.

Matsalar tana wajen saye. Akwai ƙarami da za ka ɗauka da hannu biyu, akwai wanda sai mutum huɗu sun kama. Ra'ayina shi ne wutar da kake da ita da kuma ruwan zarton da za ka iya samu a garinku su ne ya kamata su zaɓa maka inji, kafin suna ko fenti su ja hankalinka.

Abin da za ka auna kafin ka shiga kasuwa

Fara da aikin. In aka ce banso mai inci 14, faɗin wilinsa ake nufi, kuma kusan shi ne faɗin katakon da zai wuce tsakanin ruwan zarto da ginshiƙin injin. Lambar da ta fi wannan muhimmanci, wadda mai shago bai cika ambata ba, ita ce tsayin yanka: daga tebur zuwa matallafin sama, wato ƙarfen da ke riƙe ruwan zarto a saman katako, idan an ɗaga shi ƙarshe. Ita ce za ta gaya maka ko za ka iya tsayar da katako mai faɗin inci 8 a gefensa ka tsaga shi gida biyu. Ka je da tef ɗinka ka auna da kanka.

Na biyu wuta, kuma a nan ne mutane suka fi yin asara. Wutar Najeriya da ta Nijar bolt 220 zuwa 230 ce, mai bugun 50 a daƙiƙa. Ta Amurka a gidaje bolt 120 ce mai bugun 60. Injin da aka kawo daga Amurka, in ka sa shi a soket kai tsaye, nan take moton zai ƙone. Wasu motocin an yi su da hanya biyu, mai gyaran lantarki zai iya sauya haɗin wayoyin ya mai da su 220, amma duk da haka gudunsu zai ragu da kashi ɗaya cikin shida kuma za su fi saurin ɗaukar zafi. Saboda haka ka karanta ƙaramin allon da ke jikin moto kafin ka tambayi kuɗi. Injin da aka yi wa kasuwar Turai ya fi dacewa da mu.

Sai maganar tashin moto. Ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne, amma irin wannan moto yana jan ninki biyar ko fiye na abin da yake ci a daƙiƙun farko da aka kunna shi. Shi ya sa ƙaramin janaretan nan da ake kunna fanka da talabijin ba zai tayar da moto mai doki ɗaya ba: zai yi gurnani, fitila ta dushe, moton ya tsaya yana kuka har kwil ɗinsa ya fara wari. Abin da nake ba da shawara shi ne janareta ko inbata ya zama aƙalla ninki uku na abin da aka rubuta a moto. Haka wutar da ta zo da rauni, in ka ga ƙwan fitila ya yi ja, kada ka kunna inji. Raunin wuta ya fi ɗaukewarta kashe moto.

Na uku ruwan zarto. Shi ne yake yanka, injin juya shi kawai yake yi, kuma yana dakushewa yana tsinkewa. Kowane inji da tsawon nasa. Idan ka sayi wanda babu mai sayar da ruwansa a Kano ko Kaduna ko Yamai, ranar da na jikinsa ya tsinke aiki ya tsaya. Mafita ita ce masu sayar da shi a naɗe, su yanka maka daidai tsawon da kake so su liƙe. To amma ba kowane mai walda ya iya wannan ba. Liƙin da bai miƙe ba za ka ji yana ƙas-ƙas duk zagaye, yana barin zane a jikin katako, kuma nan ne zai sake tsinkewa. Kafin ka biya kuɗin inji, ka fara nemo wanda zai riƙa yi maka ruwa, ka ga aikinsa.

Faɗin ruwa shi ke yanke irin aikin da za a yi. Mai rubu'in inci yana bin lanƙwasa matsattsiya. Mai rabin inci da haƙora 3 a kowane inci shi ne na tsaga katako mai kauri, domin manyan gibin da ke tsakanin haƙoran suna kwashe gari. Mai haƙora 6 na aikin yau da kullum ne. Ƙa'idar masu sana'a ita ce aƙalla haƙora uku su kasance cikin katako a kowane lokaci. Kuma ka tuna da irin itacenmu: malaina da obeche suna da laushi, amma kawo da madobiya da ƙirya suna cinye haƙora, loko kuma wani lokaci yakan zo da tsakuwar alli a cikinsa wadda ke dakusar da ruwa farat ɗaya.

Na huɗu gangar jiki. Ruwa mai faɗi yana son a ɗaure shi tamau, in ginshiƙin injin yana lanƙwashewa to yankan zai karkace komai gwanintarka. Nauyi alheri ne a nan. Na biyar hatsari, na shida kuɗi, za mu bi su a ƙarƙashin kowane inji. Game da kuɗi, tun da aka saki naira a 2023 farashi ba ya zama wuri ɗaya, don haka da dala na auna, a yadda ake sayarwa a ƙasashen da ake yin su, kafin kuɗin jirgi da kwastan.

Ƙarami na ɗora wa kan benci (inci 8 zuwa 10)

Irin su Einhell da Scheppach masu inci 8, da WEN mai inci 9, da Rikon mai inci 10. Masu inci 8 moton su wat 250 ne, suna yanka kaurin milimita 80, wato inci 3 da kaɗan. Rikon ɗin yana kai wa inci 4 da rabi. Mafi arha ba su kai dala 200 ba, masu kyau a cikinsu suna kai wa 400 ko sama.

Amfaninsu a fili yake: ƙaramin janareta ko sola ta gida za ta ɗauke su, ba sa cin wuri, kuma hannun ɗan koyo yana saurin sabawa da su. Mai yin firam ɗin hoto, allon karatu, kayan wasan yara, haruffan allon talla ko adon gaban gado zai ji daɗinsu.

Amma nan suka tsaya. Wilin ƙarami ne, ruwa yana lanƙwashewa sosai duk zagaye, don haka sai siriri ne yake zama a kai, shi ma yana saurin gajiya ya tsinke. Teburin galibi alminiyam ne, ƙulle-ƙullen na roba ne, idan ɗaya ya karye samun madadinsa aiki ne. Ka tura masa kawo mai kaurin inci 3 ka ga yadda zai riƙa numfashi, ruwan yana yawo hagu da dama. Araha ba ta ado. Wanda yake da niyyar yin kujeru da ƙofofi, in ya sayi wannan, sau biyu zai yi saye.

Matsakaici (inci 12)

Wannan ajin ba a cika maganarsa ba, alhali a ganina ya fi dacewa da yawancin gidajenmu. Makita LB1200F da Metabo BAS 318 misali ne: moto wat 900, tsayin yanka milimita 165 zuwa 170, wato sama da inci 6, teburin ƙarfen zubi, nauyi wajen kilo 80. An yi su don wuta irin tamu, ba sai an sauya komai ba. Wani abin sha'awa, dukansu biyu tsawon ruwansu ɗaya ne, milimita 2,240, kuma injuna da yawa na wannan ajin da shi suke aiki, saboda haka ba ya wuyar samu kamar na ƙanana.

Janareta mai kilowat 2 da rabi zuwa 3 zai riƙe shi. Zai yanka ƙafar kujera daga madaci mai kauri, zai tsaga falanki mai faɗin inci 6 in ka sa sabon ruwa ka bi shi a hankali. Abin da ba zai yi ba shi ne wuni yana tsaga katako mai tauri ba hutawa. Kuɗinsa yakan faɗo tsakanin dala 500 da 900.

Mai inci 14

Iri biyu ne, kuma bambancinsu babba ne.

Na farko shi ne mai gangar ƙarfen zubi, wanda kamfanin Delta na Amurka ya fito da shi tun shekarun 1930, daga baya masana'antun Taiwan da Chaina suka yi ta kwaikwayonsa. Jet da Grizzly G0555 duk zuriyarsa ne. Yana yanka kaurin inci 6, ruwansa inci 93 da rabi. Ana iya sa masa wani guntun ƙarfe a tsakiyar ginshiƙi a ɗaga kansa, sai ya koma yanka inci 12 da ruwa mai inci 105. Sai dai ƙarin tsayi ba ƙarin ƙarfi ba ne. Masu sana'a sukan ƙiyasta doki ɗaya ga kowane inci 6 na katako mai tauri, don haka in moton doki ɗaya ne, ɗaga kan ba zai ba ka abin da kake zato ba. Babban alherin wannan injin shi ne sauƙin gyara. Moton a waje yake, bel ne ke haɗa shi da wili, in ya ƙone sai ka kwance ka ɗora kowane moto mai wutar 220 da ya dace. Boris ɗinsa irin na kasuwa ne. Ko wani ƙarfe ya karye, mai injin gurza ƙarfe a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano zai iya fitar maka da irinsa. Rauninsa ɗaya: ƙarfen zubi in ya faɗi tsagewa yake yi, kuma waldarsa ba ta cika riƙewa ba.

Na biyu shi ne mai gangar farantin ƙarfe da aka naɗe aka yi wa walda, irin Laguna 14|12, mai doki 1 da uku bisa huɗu, wanda ke yanka inci 12 tun daga masana'anta. Ya fi ɗaukar ɗauri, don haka yana riƙe ruwa mai faɗin uku bisa huɗu na inci ba tare da karkacewa ba. Wanda burinsa tsaga katako mai tsada zuwa sirara, wannan ne nasa. Kuɗin ajin inci 14 yana farawa daga wajen dala 700 ya haura 1,500, kuma yawancin masu waɗannan sunaye don Amurka aka yi su, sai a kula da maganar wuta.

Babba, da tsohon Turai na hannu (inci 17 zuwa sama)

Sabo irin Grizzly G0513 mai inci 17 yana da doki 2, yana yanka inci 12. Amma abin da aka fi cin karo da shi a kasuwanninmu shi ne tsofaffin injunan masana'anta da ake shigowa da su na hannu: Centauro da SCM na Italiya, Wadkin da Startrite na Ingila. Waɗannan an yi su ne don su yi shekaru aru-aru suna aiki, kuma wani lokaci za ka same su a kuɗin da bai wuce na sabon matsakaici ba. Ina ƙaunar waɗannan injuna, amma dole a faɗi gaskiya a kansu.

Yawancinsu wuta mai layi uku suke ci, bolt 380 zuwa 400, wadda ba kowane gida ke da ita ba. Ko dai ka sauya moto, ko ka sayi na'urar da ke mai da layi ɗaya zuwa uku, ita kuma tana aiki ne idan allon moton ya nuna 220/380, kuma galibi ba ta wuce doki 3 ba. Nauyinsu ɗaruruwan kilo ne, suna buƙatar daɓen siminti mai kyau da ƙofa mai faɗi. Ƙararsu da ƙurarsu kuma za su isa ɗakin maƙwabci.

Idan za ka sayi na hannu, kowane iri ne, kada ka saya a kashe. Buɗe murfi ka juya wili da hannu, ka sa ido ko yana rawa gefe da gefe, ka kasa kunne ko boris yana gurzawa. Duba robar da ke kewaye da wili, zafin ƙasarmu yana busar da ita ta tsattsage, ko da yake wannan ana sauyawa. Leƙa ƙarƙashin tebur inda maƙallan karkata shi suke, nan ne ya fi karyewa idan an ɗaga inji ta teburi wajen lodi. Shinshina moto ka ji ko yana warin ƙuna. Sannan a kunna, ka ɗora kofin ruwa a kan teburin: in ruwan yana ɗan motsi kawai, injin lafiya lau, in kofin ya fara tafiya da kansa, akwai magana. A ƙarshe ka fito da guntun kawo da ka zo da shi daga gida ka yanka. Mai sayarwar da ya hana ka gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Haɗin gida

Akwai masu walda da ke haɗa banso da ƙarfen kwana da moton da aka cire daga wani inji. Yana da sauƙin kuɗi, kuma wanda ya haɗa shi yana kusa in ya lalace. Wasunsu suna aiki sosai. Damuwata ita ce da yawa ba a yi musu murfi, ruwan zarto yana gudun da ya kai mita 15 a daƙiƙa a fili, ranar da ya tsinke babu abin da zai tare shi. In wannan za ka saya, ka sa sharaɗin a rufe wili biyun da faranti, a daidaita nauyinsu, a sa matallafi sama da ƙasan tebur.

| Iri | Tsayin yanka | Moto | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin aiki | Babban hatsari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Inci 8 zuwa 10 | inci 3 zuwa 4 da rabi | wat 250 zuwa 400 | mafi arha | kaɗan | sosai | yawan tsinkewar ruwa |
| Inci 12 | inci 6 da ɗori | wat 900 | matsakaici | mai kyau | sosai | ƙonewar moto in an matsa masa |
| Inci 14, ƙarfen zubi | inci 6, ko 12 da ƙari | doki 1 zuwa 1 da rabi | sama da matsakaici | sosai | sai an koyi saiti | wutar Amurka, tsagewa in ya faɗi |
| Inci 14, farantin ƙarfe | inci 12 | doki 1 da rabi zuwa 2 | tsada | sosai | mai kyau | kayan gyara daga waje |
| Babba ko tsohon Turai | inci 12 zuwa sama | doki 2 zuwa sama | ya danganta da hali | mafi ƙarko | sai gwani | layi uku, ɓoyayyen lahani |
| Haɗin gida | ya danganta | ya danganta | arha | ya danganta da maƙeri | sai haƙuri | rashin murfi |

Hatsarin da ya shafi kowanne

Tunda a gida injin zai zauna, abu ɗaya ba na sassauci a kansa: makunnin da ke kashe kansa idan wuta ta ɗauke. Ka yi tunanin an ɗauke wuta kana tsakiyar yanka, ka manta ba ka kashe ba, ka sa hannu kana zare katako ko yaro ya shigo yana wasa, sai aka dawo da ita. Injunan Turai na zamani suna zuwa da irin wannan makunni mai maɓalli kore da ja. Wanda ba shi da shi, a saya a sa masa kafin ya fara aiki, ba shi da tsada.

Sauran kuwa abubuwan sabawa ne. Sauko da matallafin sama ya rage kamar rubu'in inci tsakaninsa da katako, don kada ruwa ya zauna tsirara. A cire babbar riga, a naɗe hannun kaftani. Kada a tura gungume mai zagaye haka nan, haƙora za su murɗa shi su ja yatsu. Manyan injuna suna ci gaba da juyawa shiru bayan an kashe su. Garin loko da na madaci yana shaƙe ƙirji yana sa ƙaiƙayi, a sa takunkumi. Idan an tashi aiki a sassauta ɗaurin ruwa, da damina kuma a goga wa teburi kakin zuma don tsatsa.

To wanne za ka ɗauka?

Idan ƙananan kayan ado kake yi da filawud da katako mai laushi, kuma da sola ko ƙaramin janareta ka dogara, ɗauki mai inci 10, ka tsallake mai inci 8 in aljihu ya yarda.

Idan kujeru, tebura, gadaje da kabad kake yi a tsakar gida ko gareji, kai kaɗai ko da yaro ɗaya, mai inci 12 na wutar 230 ya ishe ka. Idan ka samu mai inci 14 na ƙarfen zubi da lafiyarsa a kusan kuɗi ɗaya, kuma kana da mai gyaran moto da ka yarda da shi, shi ya fi, domin zai daɗe kuma komai nasa yana gyaruwa.

Idan tsaga katako mai faɗi ne rabin aikinka, ka tara kuɗi ka sayi mai inci 14 na farantin ƙarfe ko mai inci 17, tare da janaretan da zai iya da shi. Tsohon Turai na wanda yake da layi uku ne da fili, kuma aikinsa ya fara wuce na gida.

Idan kuwa sau ɗaya ko biyu a wata kake buƙatar tsaga babban katako, ba sai ka sayi babban inji ba. Ka sa a tsaga maka tun a 'Yan Katako, ko Na'ibawa ne a Kano, ko Dei-Dei a Abuja, ko kasuwar Katako a Yamai, ka dawo gida ka yi lanƙwasa da matsakaici. Kowanne ka zaɓa, ka ware kuɗin ruwa uku tun ranar saye, mai rubu'in inci guda da mai rabin inci biyu, domin wanda yake zuwa a jikin sabon inji galibi ba shi da kirki.